Gada a Cikin Gem: Me Ya Sa Ƙara Ta Ya Fi Yadda Muke Zato Wuya?

Kamar yadda aka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Yau maganar gem za mu yi. Eh, gem dai da kuka sani, wanda ake bugawa a waya ko a kwamfuta tare da mutane ta intanet. A cikin gem ɗin ma abu ɗaya tak za mu ɗauka: gada, da sauran hanyoyin tsallake ruwa.

Duk wanda ya ɗan daɗe yana buga PUBG ya san wannan kukan. Ka gama tattara kaya, ka samu bindiga mai kyau da hular kwano da rigar sulke, ku huɗu kun cika mota, kuna hawa gada sai ruwan harsashi. Cikin sakan goma an gama da ku. Abin da ke biyo baya kullum iri ɗaya ne: "Don Allah me zai hana su ƙara gada ɗaya kawai? Ai zane ne!"

To ɗan uwa, 'yar uwa, zanen shi ne ƙaramin aikin. Inda aka sa gada, da yawanta, da abin da aka ajiye a gefenta, su ke yanke wanda zai ci wasa da guminsa da wanda zai ci a ɓagas. Wannan shi ne abin da nake so mu warware yau, daki-daki.

NA ƊAYA: AIKIN RUWA A TASWIRA

Bari mu fara da tambayar da ba a cika yi ba: me ya kawo kogi cikin gem tun farko? Mai tsara taswira yana da dabaru na sarrafa tafiyar mutane ba tare da ya ce musu uffan ba. Dutse yana tare hanya, daji yana ɓoye mutum, fili yana tona masa asiri. Shi kuwa ruwa aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana hana ka wucewa, amma ba ya hana a gan ka, ba ya hana harsashi tsallakowa. Shi ya sa kogi ya bambanta da katanga. Bayan katanga kana cikin rufin asiri. A bakin kogi kana tsaye tsirara.

Da zarar an ɗora gada a kan wannan ruwan, duk mutanen da ke warwatse a faɗin kilomitoci sai an tattaro su wuri guda mai faɗin 'yan mitoci. Kamar mazurari ne da ake ɗura mai a kwalba. Kowa ya san ta nan za a bi. Kuma duk inda aka san dole ta nan za ka bi, wanda ya riga ka isa ya fi ka ƙarfi, ko da kuwa ka fi shi iya harbi.

Mu ɗauki misalin da yawancinmu muka sani. PUBG ya fara fitowa a kwamfuta a watan Maris na 2017, daga kamfanin Bluehole na Koriya ta Kudu, wanda yanzu ake kira Krafton, kuma Brendan Greene ɗan ƙasar Ireland ne ya jagoranci tsara shi. Na waya ya bazu a duniya a 2018. Taswirarsa ta farko, Erangel, kilomita 8 ce a tsawo, 8 a faɗi. Mutum 100 ke dirowa daga jirgi, da'irar wasa tana ta matsewa, wanda ya rage a waje shuɗin zon yana cin jininsa har ya mutu.

A kudancin Erangel akwai tsibirin Sosnovka, inda sansanin soja yake, ga kuma tashar jiragen ruwa ta Novorepnoye. Wuri ne mai kaya masu kyau, don haka mutane ke rububin sauka can. Amma gada biyu ce kacal ta haɗa tsibirin da babban yankin, ɗaya ta yamma, ɗaya ta gabas. Kun ga cinikin da aka ƙulla ke nan: za ka samu kaya, amma idan da'ira ta faɗa arewa, sai ka biya kuɗin fito, kuma da ranka za ka iya biya.

Daga nan sana'ar tare gada ta samo asali. Tawaga za ta riga kowa isa, ta gicciye motoci a tsakiya, wani lokacin ta fasa su don su zama shinge, ta shimfiɗa tarkon ƙusa mai fasa taya, sannan ta kwanta tana jira. Agogo yana yi musu aiki, domin shuɗin zon ne ke koro musu mutane kamar yadda ake koro kifi cikin koma.

Za ka ce ai akwai iyo. Akwai, amma mai iyo ba ya iya harbi, tafiyarsa a hankali take, in ya nutse numfashi na ƙarewa. Akwai kwalekwale mai inji, sai dai ba kullum ake samunsa ba, kuma ƙararsa tana sanar da kowa cewa ga ka nan tafe. Wato kowace hanya da farashinta. Ku riƙe wannan kalmar, farashi, domin za mu yi ta dawowa kanta.

NA BIYU: ABIN DA AKA ƘARA, DA ABIN DA AKA ƘI ƘARAWA

Shekaru 'yan wasa suna ƙorafi a kan gadojin nan. Ku lura da yadda masu gem ɗin suka taɓa matsalar a nau'in kwamfuta. A 2020 sun sa jiragen fito masu zirga-zirga da kansu tsakanin kudancin babban yankin da tsibirin, suna tsayawa a tasha na ɗan lokaci, suna busa ƙaho kafin su tashi. A 2021 kuma suka gyara gadojin kansu: aka faɗaɗa su, aka ƙara siraran hanyoyin ƙafa a jikinsu, yadda mutum zai iya lallaɓowa ba ta kan kwalta ba.

Gada ta uku fa? Ba a gina ta ba. A fahimtata, dalilin a fili yake. Da an jera gadoji biyar ko shida, da tsibirin ya daina zama tsibiri. Kowa zai sauka sansanin soja ya kwashi kaya ya fice lafiya lau, cinikin nan na kaya da haɗari ya rushe. Wanda ya zaɓi ya sauka ƙaramin ƙauye don gudun haɗari ya zama shi ne wawa. In kuma aka bar abin yadda yake, masu tare gada suna cin nasarar da ba su sha wahalarta ba.

Jirgin fito ya shiga tsakani. Hanya ce ta uku, amma tana da nata sharaɗin: sai ka jira lokacinsa, ƙahonsa yana faɗakar da na kusa, kuma kowa ya san inda zai tsaya. Ita ma hanyar ƙafa ta jikin gada haka take: tana ba ka damar zagaye masu kwanton ɓauna, amma sai ka bar motarka. Masu tare gada har yanzu suna iya tarewa, sai dai yanzu dole su raba idanunsu gida uku ko huɗu. Hausawa na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. A gem mai kyau, hanyar lafiya tana nan, amma agogo ba zai ba ka shekarar ba, sai ka auna.

Ku kwatanta da Sanhok, taswirar da ta fito a 2018, mai kilomita 4 a kan 4. Ita ma koguna sun raba ta gida uku, akwai gadoji, amma ruwan bai kai faɗin na Sosnovka ba. Mutum na iya faɗawa ya haye cikin ɗan lokaci. Shi ya sa tare gada a can ba ya cin kasuwa kamar a Erangel. Darasin shi ne, ƙarfin gada yana fitowa ne daga wahalar sauran hanyoyin. In ruwa ya yi sauƙin hayewa, gada ado ce. In ya gagara sam, gada mayanka ce.

NA UKU: GADA DA ADALCI

Yanzu mu koma wani gem na waya, Clash Royale, na kamfanin Supercell da ke Helsinki a ƙasar Finlan, wanda ya fito a 2016. Filin wasansa ƙarami ne, allon waya ɗaya. Kogi ya raba shi biyu, gada biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Kowane ɓangare yana da hasumiya uku. Duk mayaƙin da ke tafiya a ƙasa sai ya bi ta ɗaya daga cikin gadojin nan.

Duk lissafin wasan a kan gadojin nan biyu ya ratayu. In abokin karawarka ya zuba ƙarfinsa a hagu, kai sai ka buɗe wuta a dama, ka tilasta masa raba abin da ke hannunsa. Da gada ɗaya ce, da wasan ya koma turereniya a ƙofa guda. Da babu kogin gaba ɗaya, da ba ka da yadda za ka yi hasashen ta inda hari zai zo. Sannan aka sa 'yan kaɗan masu karya doka: masu tashi sama ba ruwansu da gada, Hog Rider yana tsallake kogin da tsalle, Miner yana bi ta ƙarƙashin ƙasa. Darajar waɗannan ta fito ne daga cewa saura duk dole su bi gada.

Abin lura a nan: ɓangarorin biyu hoton juna ne, kamar ka sa madubi a tsakiyar kogin. Nisan gada daga hasumiyata daidai yake da nisanta daga taka. Babu wanda zai ce filin ne ya cuce shi.

Ga abin da ke faruwa in ba a yi haka ba. A World of Warcraft akwai fagen yaƙi mai suna Alterac Valley, wanda aka buɗe a 2005, mutum 40 suna karawa da 40. Sansanin ɓangaren Alliance, wato Dun Baldar, ta kan wata siririyar gada ake shigarsa, ga maharba a kan hasumiyoyi suna kallon duk mai hayewa. Sansanin ɗaya ɓangaren, Horde, tsarinsa daban ne. Shekara da shekaru 'yan wasa suna jayayya a kan wa taswirar ta fifita, kuma gadar nan tana cikin abin da aka fi ambata. Ko wane ne ke da gaskiya, darasin ɗaya ne: a wasan da mutane ke karawa da juna, in gada ta fi kusa da wani, ko ta fi sauƙin karewa daga gefe ɗaya, to ka saka hannu a sakamakon tun kafin a busa usur. Kuma 'yan wasa za su gano. Mutum dubbai suna buga taswira dare da rana, babu tsagar bangon da ƙadangarensu ba zai samu ba.

NA HUƊU: YADDA KWAMFUTA KE GANIN GADA

To, mu shiga ɗakin injin. Ko da an gama yanke shawarar inda za a sa gada, sai an koya wa kwamfuta mece ce gada. A nan labarin ya koma baya sosai, kusan shekara 300.

Akwai wani birni da ake kira Königsberg, yau sunansa Kaliningrad, yana ƙarƙashin Rasha. Kogin Pregel ya raba shi yanki huɗu, gada bakwai ta haɗa su. Mutanen garin suna da wata wasa ƙwaƙwalwa: shin mutum zai iya zagaya gari ya bi ta kowace gada sau ɗaya tak? A 1736 masanin lissafi Leonhard Euler, ɗan asalin Suwizalan, ya nuna cewa ba zai yiwu ba. Yadda ya yi shi ne abin sha'awar. Ya watsar da gidaje da tituna da tsawon gadojin, ya ɗauki kowane yanki a matsayin abu guda, kowace gada kuma mahaɗi tsakanin biyu. Sai ya lura cewa duk yankin da za ka shiga ka fita, yana bukatar gadoji masu adadin da ke rabuwa biyu daidai: ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita. A Königsberg kuwa yanki ɗaya yana da 5, sauran ukun kowanne 3. Magana ta ƙare.

Daga wannan tunanin aka samu reshen lissafi na ɗigo da layi, kuma da shi kwamfuta ke ganin taswirar gem har gobe. Ita ba ta ganin ciyawa ko ruwa. Ɗigo take gani, da layukan da ke cewa daga nan ana iya zuwa can, kuma ga kuɗin tafiyar. A 1968 wasu masana uku a cibiyar bincike ta Stanford a Amurka, Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael, suka fitar da dabarar neman gajeriyar hanya da ake rubuta sunanta A*, lokacin suna aikin wani mutum-mutumi mai suna Shakey. Har yau ita ce ginshiƙin yadda sojoji da dodanni da 'yan wasan na'ura ke nemo hanya a yawancin gem.

Ga inda gada ke kawo ciwon kai. Hanya mafi sauƙi ta ajiye ƙasa a kwamfuta ita ce a ba kowane wuri lamba ɗaya, wato tsayinsa. Nan tudu ne, lambarsa babba. Nan kwari ne, lambarsa ƙarama. Tsarin yana da arha, yana da sauri. Amma gada tana bukatar lamba biyu a wuri ɗaya: akwai bene a sama inda mota ke bi, akwai ruwa a ƙasa inda kwalekwale ke wucewa. Tsarin lamba ɗaya ba shi da gurbin wannan.

Shi ya sa a tsofaffin gem da yawa gada dabara ce kawai: busasshiyar ƙasa ce aka yi mata fentin katako ko dutse, babu abin da ke bi ta ƙarƙashinta. In ana son ta gaske, sai an gina ta a matsayin wani abu daban da aka ɗora kan ƙasa, sannan a shimfiɗa abin da zan kira ragar tafiya, wato zanen duk wuraren da ƙafa za ta iya takawa, hawa biyu, a ɗinke bakin gadar da gaɓar kogi a kowane gefe. In ɗinkin ya bar 'yar tazara, sai ka ga ɗan wasan na'ura ya zo bakin gada ya tsaya yana juyi kamar wanda ya yi ɓatan kai. In hawa biyun suka haɗe, sai ka ga wanda ke ƙarƙashi ya ɓullo sama kamar aljani.

Ba a nan ta tsaya ba. Gurneti ya faɗa kan gada: ya kamata ya raunata wanda ke iyo a ƙasa? Ƙarar takun wanda ke sama, yaya na ƙasa zai ji ta? Mota ta daki ƙarfen gefe: ta tsaya ko ta faɗa ruwa? Sojoji hamsin sun nufi gada mai ɗaukar uku a jere, wasu hamsin suna tahowa daga can: wa zai kauce wa wa? Dabarar A* tana nemo wa kowa gajeriyar hanya, kuma gajeriyar hanyar kowa ita ce gadar, don haka sai an ƙara wata dokar ta hana cunkoso. Kowace tambaya a nan aikin kwanaki ce ga mai rubuta manhaja.

NA BIYAR: GADA DA NETWOK

Wannan ɓangaren ya fi shafar mu. A gem na intanet akwai sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da gaskiyar wasan. Wayarka tana aika mata abin da ka danna, ita kuma tana dawo maka da inda kowa yake. Tafiya da dawowar nan tana cin lokaci, ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ita ce lambar nan da ke gefen allo, wadda in ta koma ja gabanka ke faɗuwa.

Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a sakan ɗaya. In jinkirinka milisakan 200 ne, to tsakanin abin da ka gani da abin da sabar ta sani akwai tazarar da ta kai mita 5. A buɗaɗɗen fili mita 5 ba komai ba ce, ka kauce ta ko'ina. A kan gada, inda aka bar 'yar kafa tsakanin ƙonannun motoci biyu, mita 5 ita ce bambancin wucewa da karo. Wato matsatsin wuri yana ninka hukuncin raunin netwok. Mai buga wasa daga Kano ko Damagaram ko Kumasi, wanda sabar ta yi masa nisa ko sabis ɗinsa ke rawa, shi ya fi kowa biyan kuɗin gadar da aka tsara ba tare da tunaninsa ba. Faɗaɗa gada da ƙara hanyar gefe, ko ba don mu aka yi ba, mu ma mun amfana.

Jirgin fito ma yana da nasa rikicin. Mutum yana tafiya a kan abin da shi ma yake tafiya. In sabar tana lissafin matsayinsa da ƙasa, jirgin kuma yana matsawa tsakanin saƙo da saƙo, sai ka ga mutum yana karkarwa, ko ya zame ya faɗa ruwa ba laifinsa. Maganin shi ne a riƙa lissafa matsayinsa daga jikin jirgin muddin yana kai, a sauya lissafin daidai lokacin da ya taka tasha. A baki sauƙi, a aiki sai an yi ta gwaji.

Sai kuma babbar magana: gadar da ake iya karyawa. A Red Alert 2 na shekarar 2000, kana iya rusa gada, sannan in ka tura injiniya cikin ɗan ɗakin da ke bakinta sai ta gyaru. A Foxhole, na kamfanin Siege Camp da ke Kanada, wanda ya kammala fitowa a 2022, yaƙi ɗaya yana ɗaukar makonni, 'yan wasa ne ke ƙera harsashi su yi lodinsa a mota su kai bakin daga. A can ana rusa gada, ana sake gina ta da kayan aiki, ana kuma ɗaga ta don jirgin ruwa ya wuce. Karyewar gada ɗaya tana iya yanke wa mayaƙa kayan aiki gaba ɗaya.

Dubi abin da wannan ke nufi ga kwamfuta. Layi ɗaya ya ɓace daga zanen nan irin na Euler, don haka duk wanda ya riga ya tsara hanyarsa ta nan sai an sake masa lissafi nan take. Dole kowace na'ura ta samu labarin a lokaci guda, in ba haka ba wani zai ga kansa a kan gada, abokin gabarsa kuma yana ganinsa yana tafiya a iska. Wanda netwok ɗinsa ya yanke ya dawo, shi ma sai an gaya masa halin da gadar ke ciki yanzu. Sannan ga halin ɗan Adam: me za a yi da ɗan tawagarku da ya rusa gadarku da gangan don neman fitina? Sai an yi wa wannan ma doka.

NA SHIDA: IN KAI NE MAI GINAWA

Na san a cikin masu bibiyarmu akwai waɗanda hannunsu ke ƙaiƙayi. Ƙofa a buɗe take. PUBG Mobile yana da sashen World of Wonder tun 2023, inda ɗan wasa ke gina taswirarsa. Roblox Studio kyauta ne. Godot, injin gina gem da wasu 'yan Ajantina biyu suka fara, kyauta ne kuma ba ya bukatar kwamfuta mai tsada. In za ka sa kogi a taswirarka, ga tambayoyi biyar da za ka amsa kafin ka ɗora katako ɗaya.

Ta farko: hanyoyin hayewa nawa ne? Ɗaya ta yi kaɗan, domin wanda ya riga isa ya gama wasan. In sun yi yawa kuma, ka goge kogin kawai ka huta.

Ta biyu: mene ne farashin kowacce? Gada tana da sauri amma a fili take. Mashigi, wato inda ruwa bai da zurfi, yana rage gudu. Iyo yana ɓoye ka amma ya ɗaure maka hannu. Fito yana bukatar jira. In hanya ɗaya ta fi saura ta kowace fuska, sauran sun mutu.

Ta uku: wa ya fi kusa? Ka sa agogo ka auna sakan nawa kowane ɓangare ke ɗauka kafin ya isa. Kar ka yarda da ido.

Ta huɗu: mai tsaron gada, ta ina shi ma za a iya cin masa? In yana da maɓoya da tudu da bango a bayansa, ka ba shi sarauta. Ka bar wata kafa da za a zagayo masa.

Ta biyar: ka gwada da mai raunin netwok da ƙaramar waya. Kar ka gwada da abokanka masu manyan wayoyi kaɗai, a ɗaki ɗaya, kan waya-fai ɗaya. In gadar ta yi wa mai jinkirin milisakan 200 adalci, to ta yi wa kowa.

Ga masu bugawa kawai kuma, ribar ku a nan ita ce ku riƙa karanta taswira yadda mai tsara ta ya karanta ta. In ka sauka tsibiri, ka san ka ci bashi, ka tashi da wuri tun da'ira ta farko, ko ka tanadi kwalekwale tun kafin ka fara tattara kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. In dole sai ta gada, ka tsaya daga nesa ka duba da madubin bindiga, ka riƙe gurnetin hayaƙi, kar ku cusa kanku ku huɗu a mota ɗaya.

A nan za mu dasa aya. Ina so in ji daga gare ku a ƙasa: a gem ɗin da kuke bugawa, wace gada ce ko wane mashigi ne ya fi cin ranku, kuma in an ba ku dama, me za ku canza a jikinsa ba tare da kun kashe daɗin wasan ba? Wanda kuma ya taɓa gina taswira, ya turo hotonta mu gani, mu auna ta da tambayoyin nan biyar tare.

A tura wa abokan tawaga su ma su karanta. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.